Bello Akanta da Ruɓaɓɓiyar Albasata

Yaya Sahabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar taka, yaya tsadar Ikko? Mu nan Bodinga sai godiya.

Ka ce in cika takardar harajina da hannuna, na ƙi ji. Na ɗauko Bello akanta, ɗan ƙanwarmu, don na gida ne. Na nuna mai albasar da na ajiye a Dandin Mahe, har wadda damina ta ruɓar. Ashe ya kama aiki a ofishin haraji! Ruɓaɓɓiyar ma ya rubuta ta cikin riba. Na je ofishin in yi magana, ya ce, "Malam, bi layi."

Malam! Ni da na sayi ragon sunansa.

Ku sa mu addu'a. Gaida yara. Gaisuwar Bello kuwa, nemi wani ya kai.

Ƙanenka,
Umaru