Mu Bakwai Ne, In Ji Inna

Litinin, 3 ga Maris

Takardun ƙidayar ƙauyuka sun iso ofis yau, kwali goma sha ɗaya. Darakta ya raba mana aikin tacewa, wato fitar da duk wanda aka ƙirga sau biyu. Ƙa'idar ɗaya ce: inda mutum yake kwana, nan ake ƙirga shi. Ni aka ba yankin da garinmu yake. Shekarata tara a ofishin ƙididdigar nan, ba wanda ya taɓa tambayata daga ina na fito.

Laraba, 5 ga Maris

Cikin shekara goma birni ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Masu cewa sana'arsu noma sun ragu, masu gadi da leburori da masu tuƙa babur sun ninka. Na zana jadawalin shekarun mutanen ƙauye, sai ya fito kamar turmi: sama da faɗi, ƙasa da faɗi, tsakiya a tsuke. Tsofaffi da ƙananan yara. Mai Jan Biro, wanda teburinsa ke jikin nawa, ya leƙo ya ce, "Ai ƙauye yanzu gidan kaka da jika ne." Na yi dariya don kada ya ga fuskata.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ci karo da kaina.

Kwamfuta ta fito da jerin waɗanda suna da shekaru da lambar waya suka zo ɗaya a wuri biyu. Layi na arba'in da biyu, ni ce. Ɗaya a nan, gidan haya, tare da Baban yara da yara uku. Ɗaya a garinmu, gidan Inna.

Na nemo fom ɗin a kwali. Mutum nawa ne a gidan? Bakwai. Ita, da Gwaggo ƙanwar marigayi Baba, da mu biyar: Yaya Babba, ni, tagwaye, da Auta. Har lambobin wayarmu, waɗanda take ajiye da su a bayan kalanda. Auta ma shekararsa huɗu rabonsa da kwana a gidan.

Ba ita kaɗai ba ce. Mutum 143 a garinmu haka suke. Iyaye ne duk suka ƙirga 'ya'yansu.

Talata, 11 ga Maris

Taro da Darakta. Ma'aikatar lafiya na jiran rahotonmu. Duk garin da bai kai mutum 500 ba za a rufe ƙaramin asibitinsa, a haɗa shi da na gari mafi kusa, ma'aikatan kuma a kawo su sababbin unguwannin birni.

Garinmu 531 ne yanzu. In na tace, 388.

Na sake lissafin sau uku, kamar lamba za ta ji tausayina.

Laraba, 12 ga Maris

Na gaya wa Mai Jan Biro. Ya daɗe yana juya bironsa a hannu, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Ƙauye dubu da ɗoriya. Wa zai bi layi-layi? Ki tsallake shi, ni ban gani ba." Mutumin kirki ne, don ni ya faɗa.

Inna na da hawan jini. Duk Litinin malamar asibiti ke auna ta, tafiyar minti biyar daga ƙofar gida. Asibiti na gaba kilomita sha tara ne, kuma mota sau ɗaya take wucewa a rana.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kai ƙaramar 'yata asibitin unguwarmu da safe, zazzaɓi. Lamba ta 87 aka ba mu. Benci uku ne kawai, sauran mata a ƙasa, jikin bango, ma'aikaciya ɗaya tana rubutu tana allura tana amsa kira. Wata mai ciki ta zauna kusa da ni, ta ce tun asuba take nan. Daga maganarta na gane 'yar wajenmu ce. Na tambaye ta, ashe garinsu na gaba da namu.

To su 143 ɗin nan suke. A wannan layin. Ni ma a ciki.

Da ban zo ba, da na fi samun sauƙin abin da nake shirin yi, wato tsallake garinmu.

Asabar, 15 ga Maris

Yaya Babba a waya: "Ke dai kin cika ɗora wa kanki. Ki yi aikinki, mu ɗauko Inna ta dawo nan, shi ke nan." Na ce ɗakin wa? Sai ya ce zai sake kira.

Baban yara bai ba ni shawara ba. Ya ce kawai, "Kafin ki taɓa komai, je ki gan ta."

Lahadi, 16 ga Maris

Na je. Rabona da gida wata goma sha huɗu, sai da na lissafa a mota na ji kunya.

Layinmu ƙofa tara ce, biyar da kwaɗo. Shagon tela a rufe, allon sunan ya karkace. Makaranta aji biyu ake buɗewa. Ba wanda ya tare ni a hanya sai awaki.

Inna na zaune a tsakar gida tana tsince wake, Gwaggo na gyangyaɗi a inuwa. Ɗakinmu na 'yan mata a share, an gyara shimfiɗa. Na ce wa zai zo? Ta ce ba kowa, haka take yi duk sati.

Bayan na huta na ce, "Inna, me ya sa kika ce wa malamin ƙidaya mu bakwai ne?"

Ba ta ɗago ba. "Tambayata ya yi mutanen gidan nan nawa ne. Da in ce masa ban haifa ba?"

Na yi mata bayani duka. Ƙa'idar kwana, mutum 500, asibiti. Na ce in na bar shi yadda yake ba mai sani. Ina jin so nake ta ce in bari, in ya so laifin ya zama namu mu biyu.

Ta ture tiren gefe. "Ni abin da ke raina na faɗa masa, ban yi ƙarya ba. Ke kuwa kin san inda kuke kwana. In kika rubuta wani abu, ke kika yi ƙarya." Can ta ƙara, "Ubanku bai taɓa rage mudu ba."

Gwaggo ta buɗe ido ta ce, "Ni dai a bar ni a ciki, ina nan." Muka yi dariya, har Inna.

Na yi maganar ta dawo birni. Ta ce, "In na tafi su koma 387?"

Talata, 18 ga Maris

Na tace. Ɗaya bayan ɗaya, ban bar wa kwamfuta ta yi a dunƙule ba. Na san fiye da rabinsu. Ɗan liman, 'ya'yan mai gyaran keke su huɗu, da wadda muka zauna benci ɗaya a aji uku. Nawa na bari ƙarshe.

Gidan Inna: mutum biyu.

Mai Jan Biro ya ajiye min shayi a tebur.

Litinin, 31 ga Maris

Na ƙara shafi ɗaya a rahoton, wanda ba a nema ba: yawan masu shekara sittin zuwa sama a garuruwan da za a rufe wa asibiti, da nisan kowanne zuwa na gaba. Darakta ya karanta a tsaye. "Wannan ba aikinmu ba ne." Amma bai cire ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Jerin ya fito. Garinmu na ciki. Ƙarshen watan nan malamar asibiti za ta tashi. An ce za a riƙa tura motar magani sau ɗaya a wata, ban sani ba ko shafina ne ya jawo, ko dama can. Sau ɗaya a wata.

Na kira Inna. Ta ce ta ji, Allah ya sa haka ya fi alheri, yaya jikin ƙaramar.

Na shiga banɗakin ofis na daɗe.

Lahadi, 22 ga Yuni

Yanzu na dawo daga garinmu, ƙafafuna sun kumbura da zaman mota.

Na'urar awon jinin da na saya tana aiki. Kafin malamar ta tafi ta koya min ɗaura ta da karanta lambobin, ta bar min littafin da take rubuta na kowa. Ni don Inna na saya. Amma jiya da safe na fito na tarar da tsofaffi goma sha ɗaya a zaure, kowa ya naɗe hannun riga. Jinin mai gyaran keke ya hau sosai, na sa jikarsa ta rubuta ranar da motar magani za ta zo a jikin ƙofarsu.

Zuwa na uku ke nan a wata ɗaya da rabi. Ba wani abu ba ne, hanya ce ta yi kyau kwanan nan. Direban ma ya fara ajiye min kujerar gaba.

Na bar takalmina na roba da zane biyu a can, don kada in riƙa jigilarsu.