Tukunyar Giyar Mijina Ta Fara Jan Mutum

Doña Leontina, don Allah ki taimake ni kafin Asabar, ban san wanda zan faɗa wa ba. An ce kin daɗe kina dafa giya a Niebla kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ke, shi ya sa na kawo miki kukana.

Mijina, bari in kira shi Nibaldo ko da yake ba sunansa ba ne, jirgin fito ya tuƙa duk rayuwarsa. Da ya yi ritaya sai ya zauna gaban murhu kamar an dasa shi. Ba fita, ba aski, rediyo ma sai na kunna masa. Na ɗauka haka zan yi ta kallonsa yana ƙarewa. Ana nan amininsa Aladino ya ja shi taron masu dafa giya a gida, ya dawo yana ta surutu har na rasa inda zan sa kunnena. Ya share ɗakin itace na bayan gida, ya harhaɗa kayansa da hannunsa. Akwai babbar tukunya mai rariya a gindi inda ake jiƙa tsiron sha'ir, da ɗan inji mai zuƙo ruwan daga ƙasa ya bi da shi ta wani bututu mai hita a ciki, ya sake zubo shi ta sama. Haka ruwan zai yi ta zagayawa, zafinsa bai hau ba bai sauka ba. Ni giya ba ta dame ni ba, amma ta dawo mini da mijina, to me zan ce?

Da farko lafiya ƙalau, yana sayo sha'irin a niƙe daga shago. Daga baya ya kinkimo buhu guda, ya ce tsohuwa ga naki aikin. Ni ke niƙa masa a injin hannu na mahaifiyata, wanda muke markaɗa masarar humita da shi, wato alalen masararmu. Kuma ban yi masa algus ba, ina ɗaure injin tam, in niƙa in sake niƙawa har ya yi laushi, don a gidanmu ba a san mu da rabin aiki ba.

Tun da sanyi ya shigo da ruwan saman nan namu da ba ya ɗaukewa, abin ya lalace, ni dai na ɗora laifin a kan laima. Zai zuba garin, ya kunna inji, ya buɗe famfo har ƙarshe don ba shi da haƙuri. Ruwan zai gudu na ɗan lokaci, ya sirance, ya tsaya cak. Injin ya kama kuka kamar ɗan kwikwiyo, tiyo ya tsotse, sai ƙauri ya cika gidan. Daga nan makunnin tsaro da ke akwatin wutar ɗakin ya faɗi. Ya ɗaga, ya sake faɗuwa. Aladino kuwa ba ya raga masa, kullum sai ya ce, "Kyaftin, ka tsallake guguwa da jirgi, yau tukunya ta kife da kai?" Shi ma dariya yake yi, amma na san inda maganar take taɓa shi. Ga shi ya cika baki a gaban dangi cewa a bikin 'yancin ƙasa na sha takwas ga Satumba giyarsa kowa zai sha.

Makon jiya na tarar ya buɗe akwatin ya haɗa wayoyi yadda wutar za ta tsallake makunnin. Da na yi magana cewa ya yi, "Tsohuwa, makunnin ne matsoraci irinki." Ran Lahadi na kai masa shayi da soyayyen burodinmu na sopaipilla, shi ya fita ɗebo itace, tukunyar na kunne. Na ɗora hannu a kan murfin don in leƙa. Doña Leontina, wuta ta ja ni har gwiwar hannu. Na saki faranti, na tsince kayan kafin ya dawo, na ce santsi ne ya kwashe ni. A kan simintin nan mai laima yake tsayawa da silifas, ya rungumi tukunyar da hannu biyu.

Za ki ce me ya hana ni faɗa masa. Tsoro nake ya ji cewa abin da ya ƙera ya kusa kashe matarsa, ya kulle ɗakin, ya koma kujerar nan, kuma na san wannan karon ba zai tashi ba. Na yi tunanin ɓoye injin. Na yi tunanin kiran 'yarmu da ke garin Osorno, amma ita a rana ɗaya za ta kwashe kayan ta kai juji. Asabar zai sake dahuwa. Duk sanda ƙofar ɗakin ta yi ƙara sai in ji kamar zan leƙa in same shi kwance. Yaya zan yi?

Mai Fargabar Asabar, Valdivia

'Yar'uwa, sannu. Ki ajiye takardar nan ki je ki zare wayar tukunyar nan daga bango, sannan ki dawo ki karanta sauran.

Makunnin ba matsoraci ba ne, gaskiya yake faɗa. Duk sanda ruwa ya tsaya hita na ci, hitar na ƙonewa a bushe, a hankali jikinta ya tsage, wuta ta fara tsiyaya cikin ruwan da ƙarfen. Abin da ya ja ki ke nan. Hitar ta gama aiki, sai sabuwa. Ki kira mai gyaran wuta na gaske ya mayar da makunnin, ya duba wayar ƙasa mai kwashe wutar da ta tsiyaya, kuma kada a kunna komai kafin ya zo.

Dalilin tsayawar ruwan kuma, ki yi haƙuri, daga injin mahaifiyarki ya faro. Niƙan humita daban, na giya daban. Sha'ir ɓarza shi ake yi, ƙwayar ta fashe, ɓawon ya fito da girmansa, domin ɓawon ne ke tace ruwan. Ke kuwa gari kike ba shi, ya kwanta kan rariyar kamar kunu ya toshe ta. Ki sassauta injin, ki niƙa sau ɗaya. Ku zuba buntun shinkafa wankakke tafi biyu ko uku a ciki. Shi kuma ya bar haɗin ya ɗan huta kafin ya kunna inji, ya buɗe famfo kaɗan kaɗan, kuma famfon ya kasance ta inda ruwa ke fita daga injin. Sai ya ga ruwa na gudu zai kunna hita. In ya tsaya, hita zai fara kashewa, sannan inji, ya juya haɗin ya sake farawa a hankali. Ni ma na ƙona tukwane kafin in koya.

Na fahimci tsoronki, kuma ba na raina shi. Zaman kujera yana cinye mutum, na gani da idona. Nibaldo ma ba mugu ba ne, mutum ne da ya samu abin da zai sa shi tashi da safe, yana tsoron dariyar aboki. Don haka kada ki ɓoye inji, kada ki kira 'yarki tukuna. Ki fara masa da naki kuskuren, ki ce niƙanki ne ya toshe tukunyar. Zai ji sanyi cewa ƙirarsa ba ta da laifi, ya iya sauraron sauran. Sannan ki faɗa masa abin da ya faru ran Lahadi, duka, ba ragi. Yana da hakkin ya sani, kuma ɓoyewar da kike yi ita ce ke barin sa yana rungumar ƙarfen nan.

In giyar ba ta kai ga biki ba, dangi su sha abin da ya samu, Kirsimeti na tafe. In kuma ya taurare ya ce sai ya kunna a haka, ki ɗauki wayar tukunyar ki kai gidan maƙwabta, ki bar shi ya yi fushinsa. Zai yi kwana biyu ba ya yi miki magana, ki jure, ki ci gaba da zuba masa abinci. Fushi dai sai mai rai.

Allah Ya tsare ku, Ya bar ku tare. Ki yi masa maganar yau, kada ki jira Juma'a.

Leontina