Ɗigon Ruwan Lallenki

Zuwa ga Hajiya Kulu,

Bayan sallama irin ta Musulunci, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan garin Isa muna nan yadda kika bar mu, sai dai fari ya ƙaru. Hadari kan haɗo ta wajen Turba, ya yi mana gumi, ya watse.

Esin ɗakinmu, injin sanyin nan, ya mutu, Kulu. Wanda ɗanmu Nasiru ya sa mana lokacin jinyarki, kika ce an kawo miki jirgin sama ɗaki. Da farkon bazarar nan ya yi tari irin na tsofaffi, ya yi shiru.

Zafin ban damu da shi ba, cikinsa aka haife ni. Itacen lallenki ne damuwata. Kin tuna tasar da kika girka bayan ɗaki, inda injin ke ɗigo? Da ita kika raya itacen nan. Kina cewa, “Malam, ba za ni zuba wa itace ruwan randa maƙwabta na bin rijiya da guga ba komai ba.” Ni ma ban zuba ba. Ruwan alwalata nake tara masa, bai isa ya jiƙa gindinsa ba. Ganye ya fara zuba.

Abin da ban gaya wa kowa ba, bayan mutuwar injin ban daina jin ɗigon ba. Da azahar, gida tsit, sai in ji ɗis a cikin tasa. In zagaya, in tarar da ita bushe, ƙadangare kwance ciki.

Nasiru ya zo daga Sakkwato da mai haɗa injin. Shi babba yake so, mai ƙarfin doki biyu, wai kada a ce ya yi wa ubansa rowa. Mutumin ya auna ɗaki tsawo da faɗi, ya dubi kwanon rufi, ya dubi tagar da rana ke duka, ya leƙa solar da ke bisa. Ya ce babban zai sanyaya ɗaki nan take ya kashe kansa, ƙarami kuwa zai yi ta aiki a hankali yana tatsar gumin iska. Na tambaya wanne ya fi ɗigo. Ya yi dariya, ya ce tunda yake sana'ar nan ba a taɓa zaɓen esi don fitsarinsa ba. Na ce to yau an fara.

Sai ya tambayi mutum nawa ke kwana ɗakin, wai jikin mutum ma zafi ne, ana lissafa shi. Na ce biyu. Nasiru ya sunkuyar da kai. Ban gyara ba, shi ma bai gyara ba.

Ƙaramin aka sa, daidai ɗaki, daidai mutum biyu. Na tsaya kansu sai da suka karkato bututun zuwa tasarki. Ɗakin ya ɗan fi ƙarfina da sanyi, zanenki na saƙi nake rufa da shi.

Yanzu ɗigon na gaske ne, har maƙwabciyarmu Inna Hassi ta ce tana jin sa ta katanga. Lalle ya fid da toho.

Sai dai ga wani abu. Kullum in na dawo sallar la'asar, sai in iske tasar an juye ta a gindin lallen, an maida ta wurinta, an ɗan karkata bakinta yadda kike yi. Liman ya ce ni ke juyewa in manta, tsufa ne. Wataƙila. Amma ni ban taɓa iya karkata ta hakan ba, kin sha yi mini faɗa a kai.

Ban sa ido in gani ba, kuma ba za ni sa ba.

Allah ya sanyaya kabarinki fiye da ɗakin nan, ya shayar da ke daga Alkausara, ya ba mu ruwan sama. In tawa ta zo, ya sa in cika da imani.

Mijinki,
Malam Garba