Malam, Ledojinka Sun Dawo

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah ya kai haske makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Ko da kana raye ma sai ka gama neman tabarau ka rasa, ka miƙo mini ka ce in karanta maka. To amma da wa zan yi maganar nan? Ta tsaya mini a ƙirji, ko abinci ba ya wucewa da daɗi.

Bari in fara da na gida, kar ka ce na faɗo maka da tashin hankali ko gaisuwa babu. Muna nan unguwar Tremont ta New York, a gidan da ka bar mu. Ƙaninka Haruna ya riƙe teburinka na sayar da kaya a titin Canal Street, yana ƙoƙari, sai dai bakinsa bai kai naka zaƙi ba wajen tsayar da mai saye. 'Yarka Ummi ta kusa gama karatun jinya. Har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take amsa mini, in na hau faɗa ta yi dariyar nan taka mai ban haushi. Masallacinmu na ƙarƙashin bene an sake masa kafet, an kuma samu mai shara. Mai tsince takardu irinka ne ba a samu ba.

Maganar takardun ce ta zaunar da ni rubutu. Malam, ledojinka sun dawo.

Ka tuna yadda kake tara duk wata takarda mai sunan Allah? Alƙur'anin da ya yage, kalandar lokutan salla ta bara, rubutun 'yan islamiyya, har katin ɗaurin aure in dai akwai Bisimilla a samansa. Ka ce ba za ka ga ayar Allah a kwandon shara kana numfashi ba. A Damagaram da sai ka ƙona, ko ka haƙa rami a bayan gida ka binne. A nan ka gwada ƙonawa a tsohuwar tukunyata, abin nan na silin ya ji hayaƙi ya fasa ihu, maƙwabta suka fito da kayan barci. Binnewa kuma ina ƙasar take? Ko'ina siminti. Sai ka koma ga ruwa, ka ce malamai sun yarda a ba ruwa mai gudu.

Amma ba ka yarda da tsabtar ruwan garin nan ba. Sai ka sa takardun a baƙar leda, ka sa ledar cikin wata, ka ƙara wata, ka jefa dutse, ka ɗaure bakin da jan zaren nan na ɗaure dila, ƙulli kan ƙulli. Nufinka kar ƙazanta ta taɓa su kafin su kai ƙasa. Ni kuma ina gefe ina tsokanarka, ina cewa ko kayan amarya ba a yi musu wannan ɗauri. Ka hau bas ka tafi can inda kogin Bronx yake shiga babban ruwa, ka dawo hankalinka kwance.

To Ummi ta shiga cikin mutanen unguwa masu zuwa kwashe robobi a wannan bakin ruwan ranar Asabar. Ban so ba, amma ka san 'yarka, kanka ta ɗauko. Wata Asabar ta shigo gida ko takalmi ba ta cire ba, fuskarta ta sauya, ta ajiye wani abu a kan tebur cikin tawul. Tun kafin ta gama buɗewa na ga jan zare. Ƙullin nan ko a mafarki na gan shi na san hannunka ne. Na zauna a ƙasa.

Muka yi alwala muka kwance. Malam, ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Takardun a bushe, kamar jiya ka naɗe su, ina iya karanta kowane layi. Bayan ledar kuwa wari kamar me. Ummi ta ce a tsakanin kunzugun jarirai da kwalaben giya ta tsince ta, har ta ɗaga za ta jefa a buhun shara, nauyin da launin zaren suka tsayar da hannunta.

Sai ta faɗa mini abin da ya hana ni sukuni har yau. Shugabar masu aikin, wata tsohuwa 'yar Jamaika da ake kira Mis Dorin, ta ce sun daɗe suna tsintar ledoji masu jan zare. Dokarsu ce ba a buɗe ledar da aka ɗaure, don ana iya samun allura ko mushe a ciki. Sai dai a jefa a buhu, motar shara ta zo ta kwashe.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ka yi shekaru kana gudu, shi ne ya faru, kuma ta hannunka. Ina motar ta kai su? Cikin me suke kwance yanzu? Wallahi in na ga motar shara a titin Grand Concourse tana matse kaya da ƙarfen nan nata, sai in tsaya in kama ƙarfen bakin titi. An tambaye ka a kai, Malam? Ana tambayarka yanzu? Na je wajen Liman da maganar, ya ce aiki da niyya yake, kuma niyyarka kowa ya shaide ta. Kunnena ya ji. Zuciyata ce ta ƙi ji. Ina tsoro, tsoro irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kira ni daga asibiti.

Shi ya sa na bi Ummi. Ni! Ni 'yar Damagaram, inda ruwan da na sani shi ne na garwa da na randa. Ni da nake rufe ido in jirgin ƙasa zai hau gada, kana yi mini dariya. Aka ba ni safar hannu da buhu da wani ƙarfen tsinta, na ja matan Zangon Kumasi biyu daga masallaci don kar in zama ni kaɗai mai hijabi a cikin taɓo.

Ban taɓa sanin haka wurin yake ba, ba ka taɓa ba ni labari ba. Robobin ruwa, murafai, cokulan roba, robar abincin da ake saye a tafi da shi, takalmi ƙafa ɗaya, ledoji sun naɗe ciyawa har ba ka ganin korenta. Ka kwashe yau, wani satin ka tarar kamar ba ka zo ba. Mutanen suna da kirki, masu Sifaniyanci, baƙaƙen ƙasar nan, tsofaffi da 'yan makaranta, kowa ya duƙa yana aiki ba mai biyan sa. Amma ruwan, Malam. Ashe ruwan nan tafiya yake ya dawo? Da safe ya janye can nesa ya bar taɓo, sai ka saki jiki. Rannan ina duƙe ina haƙo wata leda, ban ji motsi ba, sai sanyi a idon sawuna. Ta bayana ya zagayo, shiru, kamar ɓarawo. Na zabga salati na yar da buhun na ruga, matan Zango suna ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Akwai abin da na gani wanda ban gaya wa Ummi ba. Wani farin tsuntsun ruwa a mace cikin ciyawa, jan zare ya naɗe ƙafafunsa biyu, da guntun baƙar leda a jiki. Na san jan zare ba naka kaɗai ba ne a duniya. Amma na duba ƙullin. Kai da kake ajiye wa tantabarun Canal Street ɓarɓashin burodi a aljihu! Na tona taɓon da hannuna na rufe shi. Shi ma za a tambaya a kansa? Wa zai amsa?

Daga baya na daure na gaya wa Mis Dorin abin da ke cikin ledojin, Ummi tana fassara. Na zaci za ta yi faɗa, don ba ta da wasa kan robobi. Sai ta cire safar hannunta, ta dafa ƙirji. Ta tara mutanenta ta ce daga yau duk leda mai jan zare a kawo wa Hajiya. Yanzu da hannu biyu suke miƙo mini, mutanen da ba su san ko alif ba. In na kawo gida sai mu cire takardun mu naɗe a farin ƙyalle, Haruna ya kai ni maƙabartarku ta New Jersey, mai gadin ya ba mu wani gefe kusa da shinge mu binne. Ba nisa da kai. Na kuma sa Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a a daina jefa takardu a ruwa, don ashe akwai dattawa biyu da suka koya a wurinka suna nan suna yi. An ajiye kwali a masallaci na tara irin takardun. Liman bai ambaci sunanka ba, amma duk mata suka juyo suka kalle ni.

Guda ɗaya na samu wadda dutse ya fasa. Ruwa ya shiga, takardun sun narke sun tafi, ba abin da ya rage sai dutsen. Ita kaɗai ce ta yi abin da ka so. Waɗanda ka fi ba kulawa wajen ɗauri su ne suka ƙi tafiya. Da kana nan da na ce maka ka gani, garin taka-tsantsan! Da mun yi musu har ka ɗauki hularka ka fita. Yanzu ba wanda zan ce wa ka gani.

Ga abin da ya sa na kasa jira. Can gaba da inda muke aiki akwai tsofaffin turakun katako na wata matsayar jirgi da ta rushe. Ruwa yana tara shara a lungun. Mis Dorin ta ba ni madubin hangen nesanta, na gani da idona: jan zare, ba ɗaya ba, ba biyu ba, sun maƙale a jikin turakun. Ina jin daga saman duwatsun wurin kake jefawa. Kuma ta ce mako mai zuwa ma'aikata za su zo da babban jirgi mai ƙugiya su kwashe lungun gaba ɗaya. Su ba ruwansu da jan zare. Ƙarfe ne zai damƙa ya zuba.

Ba a zuwa wurin da ƙafa, taɓon yana haɗiye mutum har ƙugu. Sai a kwalekwale, lokacin da ruwa ya cika. Mis Dorin za ta tuƙa, amma dole a samu na biyu da zai miƙa jiki ya yanko ledojin yayin da take riƙe da turke. Ummi ta ce ita za ta. Na ce ba ta isa ba. Ta ce ta koyi iyo a makaranta, na ce ko kifi ne ya haife ta ba za ta shiga ba. Mun yi ta yi har ta buga ƙofa. Na ba ƙasa kai, Malam, ba zan ba ruwa ita ba. Kuma ina so hannun da zai ɗauko su ya zama mai alwala. Don haka ni zan shiga, ranar Asabar.

Na ga kwalekwalen. Ɗan siriri ne kamar kwamin wanki, ko taɓa shi ka yi sai ya yi rawa. Matuƙiyar kuma ta girme ni. Sun gwada mini rigar nan mai hana nutsewa a kan hijabina, na zama kamar buhun gero, Ummi ta fashe da dariya, sai dariyar ta koma kuka. Tun ranar in na rufe ido a sujada ruwan nake gani, baƙi, ba a ganin ƙasansa. In kwalekwalen ya kife fa? In na miƙa hannu jikina ya bi?

Akwai maganar da ban taɓa gaya maka ba. Duk ranar da ka fita da ledar nan, a taga nake tsayawa har ka dawo. In na hango hularka a kwana sai in ruga kicin in kama wanke-wanke, don kar ka gane. Tsokanar da nake yi maka duk tsoro ne. Kuma ban taɓa ce maka abin nan yana cikin abubuwan da na fi so a tare da kai ba: ka duƙa a tsakiyar titin New York, mutane suna bangaje ka, ka ɗauki guntun takarda don ka ga sunan Allah a kai, ka kaɗe ta ka sa a aljihun ƙirji. Da na faɗa maka. Nauyin baki ne ya hana ni.

Sau nawa ka je, Malam? Kai kaɗai ka sani, ka kuwa tafi da sanin. In na ɗebo waɗannan, ta yaya zan san sun ƙare? Wataƙila haka zan ƙare rayuwata, a duƙe a bakin ruwan da nake tsoro, ina neman jan zare. In dai hakan zai sa a sassauta maka, na yarda.

Na wasa wuƙarka ta yanke dila, tana cikin jakata. Na ce wa Haruna ya zo ya tsaya kusa da Ummi a bakin gaɓa, ya riƙe ta, ko me ta gani kar ya sake ta. Zan yi alwala a gida, in karanta abin da ka koya mini na hawa abin hawa, in rufe ido har sai mun isa turakun. A can dole in buɗe.

Ka yafe mini, ni na yafe maka, har ledojin. In na dawo, Lahadi zan kawo su kusa da kai in binne, in tsaya in gaishe ka. In ban dawo ba, ka matsa mini, na zo da kaina.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta.

Taka har kullum,
uwar Ummi, mai tsoron ruwa.