Ƙaramar Tashar Baba da Soro Ya Danne

Zuwa ga Inna,

Bayan sallama da gaisuwar da ta dace da uwa, ina fata ƙasa ta yi miki sauƙi.

Inna, soron Baba ya faɗi. Tun farkon damina nake gaya wa ƙannena su Nasiru cewa indararo ya toshe, suna amsa mini da in Allah Ya yarda, kamar Allah ne zai hau tsani. Azara ta karye, ƙasa ta sauko kan teburin nan da Baba ya gina tashar jirginsa a kai tun da ya bar aikin reluwe. Kin san ta: layin dogo na wayar keke, taragwai na gwangwanin madara, mararrabar Kano da Gusau.

Kin tafi kafin mantuwa ta kama shi sosai. Tashar nan ce ke riƙe shi a gida. Da ya rasa ta, sai ya sa hula ya fita neman ta gaske. Wani mai shayi ne ya tsinto mana shi a Ƙofar Doka, babu takalmi, yana tambayar masu keke-napep ko jirgin Gusau ya wuce. Yanzu ko ƙyaure iska ta kaɗa sai na tashi na leƙa ko yana nan.

Ni na tone ƙasar da hannuna. Na wanke gwangwanayen, na miƙe wayoyin, na sake jera ashana a ƙarƙashin layi. Ni da ke koyar da adabi, ga ni da gam har gwiwar hannu. Kullum kina cewa, "Ku bar masa wasansa, ya fi zaman majalisa." Ashe magani kike ajiye mana.

Jiya na gama. Na kamo hannunsa na zaunar da shi. Ya tura kan jirgin, ya wuce mararraba bai sauka daga layi ba. Baba ya yi dariya, ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki, Rabi."

Inna, ni ce 'yar fari. Tun da aka haife ni bakinsa bai taɓa kama sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan". Ina yarinya na sha jin haushin wannan kunya, kina ce mini ita ce ƙaunar. Mutumin da ya san ni ce ta farinsa ba zai ce Rabi ba. Ji ya yi yara suna kiran sunan, ya ɗauka wata ce mai kirki da ta zo taimako.

Su Nasiru suna murna wai ya gane ni. Ban iya gaya musu ba.

Yau bai nemi hularsa ba, yana can yana tura jirgi. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya zaunar mana da Baba a gida. Idan da sauran rabo, Ya sa ya sake ce mini "ke".

Taki,
wadda ke ma ba ki taɓa kiran sunanta ba