Mita Goma Sha Biyu a Bakin Ƙofa

Anti Glenys, ki taimake ni kafin in aikata abin da za a karanta a shafin farko na jarida maimakon a filinki na ba da shawara. Tambayata a kan igiya ce, ko da yake 'yata ta ce ƙarya nake yi.

Shekarata hamsin da uku. Ashirin da shida daga ciki na yi su ne ɗaure a igiya ɗaya da mijina Fergus, muna wasan hawan dutse, in ɗaya na hawa ɗaya na riƙe masa igiya daga ƙasa. Duk Asabar nakan miƙa masa raina a gindin dutse, ya dawo min da shi da yamma, ban taɓa waiwayawa na duba hannunsa ba.

Wata biyu da suka wuce muka je wani dutse a ƙasan garinmu Blackheath, hanya mai tsawon mita talatin da muka hau ya fi sau ashirin. Igiyarmu mita saba'in ce, hawa da sauka su ci sittin, goma su yi saura. Na kai sama, na ce ya sauke ni. Ina saukowa ina ba shi labarin wani ƙadangare da na gani a tsaga, sai kawai na ji babu abin da ke riƙe da ni. Bakin igiyar ya sulale ta cikin ƙarfen da ke ƙugunsa, wanda da shi yake riƙe ta yana sakar min a hankali. Mita biyu da wani abu na faɗo. Diddigena na hagu ya farfashe, ƙusa biyar likita ya sa.

Kin san kaushin dutsenmu, yadda yake cin igiya daga bakinta. In ta yi gashi-gashi a yanke wurin, a ƙona bakin da wuta, a ci gaba. Fergus ya yanke tamu sau huɗu, mita uku-uku, bai faɗa min ko sau ɗaya ba. Kafinta ne fa, mutumin da ke zuwa bikin aure da tef ɗin awo a aljihu.

Ga inda zuciyata ke tafasa. A watan Maris, ranar zagayowar haihuwata, ya ba ni tabarmar goge ƙafa da ya saƙa da hannunsa da guntayen igiya. Shuɗiya. Igiyarmu ma shuɗiya ce. Na yaba, na ɗauki hoto, na aika wa 'yan'uwa. Ni da na shekara talatin ina koyar da tarihi, ina ce wa ɗalibai su fara duba hujjar da ke gabansu, wata uku na yi ina goge takalmi a kan mita goma sha biyun da suka karya min ƙafa. Ranar da aka sallamo ni daga asibiti, a kanta na dogara sanduna na shiga gida.

Ba zan ce ba ya ƙoƙari ba. Yana girki, yana wanki, yana kawo min shayi har na tsani shayi. Amma kalmar da nake jira ba ta fito ba. Da na matsa masa, cewa ya yi, "Haba Malama, kowa ma yana yanke igiya." Na ce ai kowa ma yana da baki, shi nasa wa ya ba ajiya?

Shekaranjiya kuma ya zo yana nuna min hoton sabuwar igiya, siririya kamar ta shanyar kayan jarirai, wai ba ta da nauyi. Akwai wata hanyar hawa da ta shekara shida tana kayar da shi, yana ganin nauyin igiya ne matsalarsa, ba shekara hamsin da takwas da kwalaben giya ba. Irin wannan siririyar ce kuma ke saurin gashi, a sake ɗauko wuƙa.

Likita ya ce zan iya komawa dutse a Oktoba. Ƙawata Noelene ta ce za ta riƙe min igiya. Amma kin san garin nan: mace ta canza mai riƙe mata igiya, kafin ta sauko an gama raba mata kayan ɗaki. Ki faɗa min igiyar da ba ta lalacewa, wadda wuƙar Fergus ba za ta sami dalilin taɓawa ba. In babu, ban san ko zan sake juya masa baya a kan dutse ba, kuma ban san me zai rage mana in na daina.

Mai Ɗingishi, Blackheath

*

'Yar'uwa Mai Ɗingishi,

Sannu da jiki. Bari mu fara da igiyar, tunda ita kika ce kin zo tambaya. Ki nemi mai kaurin milimita goma ko ƙasa da haka kaɗan, mita saba'in, mai rigar waje mai kauri da saƙa matsattsiya. Ki riƙa shimfiɗa mata leda a gindin dutse don kada yashi ya shige ta, ki wanke ta da ruwa zalla, ki riƙa sauya bakin da kike ɗaurawa. Za ta daɗe. Amma wadda ba za a taɓa yankewa ba, ba a saƙa ta ba tukuna.

Yankan da Fergus ya yi daidai ne, da bai yanke ba wata wasiƙar zan karanta, daga hannunsa. Laifinsa shirun, kuma babba ne. Wanda ya rage igiya dole ya auna ta, ya rubuta sabon tsawon a bakinta biyu, ya faɗa wa duk mai ɗaura ta. Kina da haƙƙin jin "na yi kuskure" daga bakinsa. Ki nema sau ɗaya, kai tsaye, ba cikin gatse ba. Ina zaton shayin nan duk kalmar ce ta maƙale masa.

Sai abin da ban gani a wasiƙarki ba: ƙulli. Da an ƙulla bakin igiyar na ƙasa, da ya tsaya a ƙarfen Fergus, kin rataya a sama kina zaginsa da ƙafa biyu lafiyayyu. Duba wannan ƙullin aikin mutum biyu ne. Shekara ashirin da shida ba ki waiwaya ba, kin ɗauka amana ce, ni kuwa na fi ganin sabo. Ina jin kin sani, shi ya sa tabarmar ta fi ƙusoshin yi miki ciwo.

Ki bar shi ya sayi siririyarsa, ki sayi taki, wuƙa ba ta taɓa ta sai kina tsaye. Fita biyun farko ki yi da Noelene, masu rabon kayan ɗaki su huta. Ta uku ki ba Fergus, bayan ya fito da tef ɗin nan kun auna tare, kin ƙulla bakin ya duba, ya ƙulla kin duba.

Tabarmar kuma kada ki yar. Ki bar ta inda take, ta kanta za ku bi ku biyun duk Asabar kafin ku fita.

Allah ya ƙara sauƙi, ya kai mu Oktoba da ƙafa mai ƙwari.

Anti Glenys