Motar Albasa Ta Tashi Litinin

Jega, 9 ga Mayu

Zuwa ga mahaifiyata Inna Delu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Yaya mutanen Kashin Zama? Altine za ta karanta miki wannan. Na ƙi yin waya ne don na san murya za ta ɗaga, kuma ba a ɗaga murya gaban uwa.

Inna, ƙarar Yaya Rufa'i na kawo. Shekara uku ɗansa Khalil yana hannuna, a gida da makaranta. Da ya zo, ko gaisuwar Turanci ba ya iyawa sai ya sunkuyar da kai. Kullum bayan la'asar ina kunna masa rediyo ya saurara ya maimaita, ina sa shi rubutu, ina yagewa, yana sakewa. Yau a cikin ɗalibaina arba'in babu kamarsa. Jarrabawar Turanci ta fita sakandare ranar Laraba ce, wanda ya rasa ta kuwa babu shi babu jami'a.

Sai ga Yaya ya aiko wai Khalil ya shirya, zai bi motar albasa zuwa Fatakwal ranar Litinin, saboda mai yi wa Yaya tafinta a cinikin albasa ya bar shi. Wai jarrabawa ana yin ta kowace shekara, albasa kuwa ruɓewa take. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni na jawo. A kasuwar Aliero wani mai saye daga kudu ya bugo waya da Turanci, Yaya yana ta in-ina, ni kuma don burga na miƙa wa yaron wayar. Ya yi magana tiryan-tiryan, ina ta washe baki kamar wawa.

Ke kaɗai Yaya yake jin maganarki. Kwana biyu kawai nake roƙo.

Ɗanki,
Kamaluddeen

Jega, 24 ga Mayu

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Altine. Allah ya ƙara lafiya.

Na ji kin kira Yaya har ɗaki, ya ce to, ya fita ya yi abin da ya ga dama. Ban ga laifinki ba. Amma shi kam, ko a masallacin Juma'a muka haɗu, hannu kawai zan ba shi. Ranar Laraba na tsaya ƙofar ɗakin jarrabawa ina kallon kujerar Khalil, har mai sa ido ya ce in matsa.

Jiya direban motar ya kawo mini takarda daga Khalil. Da Turanci ya rubuto, shafi biyu, yana ba ni haƙuri, wai bai iya cewa a'a ga mahaifinsa ba, kuma albasar ta isa lafiya.

Inna, hannu ya saba, ban san lokacin da na ɗauko jan biro ba. Na bi ta layi-layi har sau uku ina neman kuskure, ko ɗaya tak, don in samu abin da zan rarrashi kaina da shi, in ce dama bai shirya ba. Ban samu ba.

Ki sa shi a addu'a. Ni ma ki sa ni, don har yanzu zuciyata ba ta sauka ba.

Ɗanki,
Kamaluddeen